A Daina Kiran Ciwon Gwiwar Iyayenmu "Sanyi"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana kan ciwon da ya zaunar da iyayenmu da yawa a nan Gombe, wato amosanin gaɓɓai, wanda muka saba taƙaita shi da cewa "sanyi ne".

Mahaifiyata ta shafe shekaru tana fama da gwiwa, kuma duk lokacin da ciwon ya motsa sai a aika yaro kemis ya karɓo haɗin ƙwayoyi a ƙullin leda, babu suna, babu ƙa'idar sha. Sauƙin da take samu ya sa muka saki jiki, har sai da fuskarta ta fara kumbura, ciwon ciki ya hana ta barci. Da muka kai ta asibiti aka bayyana mana cewa irin wannan haɗi yakan ƙunshi diklofenak, wanda yawan shansa ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, da kuma deksametazon, mai kumbura fuska da tayar da sukari da raunana ƙashi. Har yau ina jin ciwon cewa da kuɗinmu muka riƙa saya mata.

Hoton ƙashi ya nuna abin da ke faruwa. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa, wanda ke sa gaɓa ta motsa ba tare da gogayya ba, shi ne ya zaizaye, har ƙashi ya fara gugar ƙashi. Shekaru na kawo haka, amma ƙiba, da tsohon targaɗe ko karaya a gaɓa, da gado, da aikin da ke tilasta yawan tsugunno da ɗaukar kaya, duk suna gaggauta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 528 a duniya ke ɗauke da ciwon, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Duk wanda ya ga yadda matan karkara ke noma da ɗebo ruwa da itace ba zai yi mamaki ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganin. Mun ɗauka hutu ne gatan da za mu yi mata, ashe zaman ne ke ƙara sanƙarar da gaɓar. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, amma a sashen gashin ƙashi an koya mata motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar cinya, aka ce ta riƙa tattaki kullum, ta rage nauyi, ta riƙe sanda a hannun da ba na ɓangaren gwiwar da ke ciwo ba, maganin ciwo kuma sai wanda likita ya rubuta. Yanzu tana zuwa gidan maƙwabta da ƙafarta, sallah kuwa a kan kujera take yi, kamar yadda addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Waɗanda nasu ya yi tsanani akan yi musu tiyatar sauya gaɓa, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka.

Don haka nake kira ga gwamnatin jiharmu da ta kai ma'aikatan gashin ƙashi manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin tsohuwa daga Dukku ko Nafada ba za ta iya zaryar zuwa Gombe kowane mako ba. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna kuma ta sa ido sosai kan masu ƙulla haɗin ƙwayoyi a kasuwanni da tashoshin mota.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Jekadafari, Gombe