Rahoton Shekara: Gyaran Bayanan Fayilolin FLAC da Abin da Ya Rage a Kanmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Ga rahoton ayyukanmu na bana, kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa sakatare. Ya kamata a ce ya iso muku tun kafin yanzu, amma na tsaya jiran ma'aji ya rufe lissafi, shi kuma ya tsaya jiran waɗanda suka ce masa "sai ƙarshen wata". Wata ya ƙare, wani ya kama, shiru. Don haka na rubuta da abin da ke hannu.

An yi tarurrukan wata-wata, in ban da waɗanda aka ɗage saboda ba a cika adadi ba.

Kun tuna shawarar da muka yanke a babban taron bara, cewa kafin shekara ta zagayo za mu gyara laƙuban dukkan fayilolin sauti da ke taskarmu, abin da yawancinku ke kira tag: sunan mai magana ko mawaƙi, take, ranar ɗauka da sunan kundi. Mun kuma amince a yi aikin ta layin umarni, wato rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, domin buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya da linzami aiki ne da ba zai ƙare ba a rayuwarmu. Ɓangaren FLAC, wato tsarin matse sauti ba tare da an rasa ingancinsa ba, ya kusa kammaluwa. Sauran ba su kammalu ba, kuma zan faɗi dalili a ƙasa, tun da na ji ana ta ƙananan maganganu.

Kafin nan, bari in tuna mana abin da ya faru a farkon shekara. Wani ɗan'uwa, da kyakkyawar niyya, ya ga laƙuban wani babban kundi sun yamutse, sai ya ɗauko metaflac, manhajar gyara laƙuban FLAC, ya sa metaflac --remove-all-tags a kan kundin gaba ɗaya da nufin ya sake rubuta su daga tushe. Umarnin ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma ba shi da hanyar komawa baya. Sautin bai taɓu ba, amma sunaye da ranaku duk suka tafi. Makonni muka yi muna dawo da su daga tsohon littafin rajista, wasu kuma sai da muka zauna muka saurara kafin mu gane muryar wane ne. Ba zan ambaci suna ba, kuma ina roƙon a daina tsokanarsa, domin yana cikin ƙalilan da suke taɓa aikin ma. Wanda bai taɓa buɗe taskar ba ai ba zai yi kuskure ba.

Wannan tsautsayin ne ya haifar da ranar horo, kuma ita ce abin da nake alfahari da shi a shekarar nan.

Gaskiya ban zaci za a zo ba. Sai ga ɗaki ya cika, har da mutanen da rabona da ganin fuskarsu tun ranar da suka cike fom. Mun fara da abin da ya fi tsorata jama'a, wato baƙin allon nan da ba shi da maɓallin dannawa. Aka haska shi a bango, aka rubuta metaflac --list a kan fayil guda, sai ga cikin fayil ɗin a fili. Mai koyarwa ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya. STREAMINFO shi ne na farko ko da yaushe, yana ɗauke da yawan tashoshi, saurin samfuri da lambar MD5, wato lambar tantance ainihin sautin. VORBIS_COMMENT nan laƙuban suke zaune, kowanne da siffar SUNA=ƙima. PICTURE na hoton bango ne. PADDING kuwa fili ne da aka bari babu komai, don a samu wurin ƙara bayani nan gaba. Sautin kansa yana bayan duk waɗannan, kuma metaflac ba ya sake matse shi.

A nan ne wani dattijonmu ya ɗaga hannu ya ce shi bai yarda ba. Ya ce shekaru ya yi yana tara waɗannan muryoyin, ba zai bar yaro ya riƙa buga haruffa a kansu ba sai an nuna masa babu abin da zai lalace. Aka ce, "Baba, ga kujera, ku yi da hannunku." Ya zauna, aka karanta masa umarnin yana bugawa da yatsa ɗaya. Ya fitar da lambar da --show-md5sum, ya canza take, ya sake fitar da lambar, ta fito iri ɗaya. Sai wata 'yar'uwa daga baya ta ce wannan bai isa hujja ba, tun da lambar a rubuce take a cikin fayil, karanto ta kawai aka yi. Ta yi gaskiya. Aka sa flac -t, wanda ke warware sautin duka, ya lissafa sabuwar lamba, ya gwada ta da wadda aka ajiye. Da allo ya nuna komai daidai, Baba ya juyo ya ce, "To, gani ya kori ji." Daga ranar zuwa yau, kundayen da ya gyara sun fi na wasu matasan da ke cika mana kunne da sunayen manhajoji.

Darasi na biyu shi ne wanda ya warware wata tsohuwar matsala da ta daɗe tana damunmu, ta fayilolin da ke nuna sunan mawaƙi sau biyu ko sau uku. Ashe --set-tag ƙari yake yi, ba ya maye gurbin tsohon laƙabi. Tsarin laƙabi na Vorbis, wanda FLAC ke amfani da shi, ya yarda suna ɗaya ya maimaitu, kuma da gangan aka yi hakan, domin waƙar da mutum biyu suka yi tana iya ɗaukar ARTIST guda biyu. Mu kuwa duk wanda ya zo gyara sai ya ɗora nasa a kan na baya. Maganin shi ne a cire kafin a sa, a layi guda:

metaflac --remove-tag=ARTIST --set-tag="ARTIST=sabon suna" fayil.flac

An kuma nuna cewa sunan laƙabi bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, artist da ARTIST duk abu ɗaya ne a wurinsa. Mun dai tsayar da manyan baƙaƙe don idonmu ya huta.

Sai maganar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, wadda ta ci kusan awa guda kuma ban yi da-na-sani ba. Ƙimar laƙabi a FLAC da tsarin haruffa na UTF-8 ake ajiye ta, saboda haka haruffanmu masu lanƙwasa suna da mazauni, babu dalilin rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Matsalar tana tasowa ne daga kwamfutar mai gyara. metaflac yana juya rubutu daga tsarin haruffan kwamfutar zuwa UTF-8, idan kuwa an saita kwamfutar ba daidai ba, sai harafin ya rikiɗe ya koma wata alama. Mun koyi duba saitin da umarnin locale kafin a fara, da kuma amfani da --no-utf8-convert idan rubutun ya riga ya zama UTF-8. Wasu sun ce a bar lanƙwasa gaba ɗaya don sauƙin nema. Taro bai amince ba, ni ma ban amince ba. Taskar da ba ta bambance "baƙi" da "baki" ba, wanda zai gaje ta zai sha wahala.

Bayan hutu aka shiga gyaran fayiloli da yawa a lokaci guda. Nan ma an yi tuntuɓe mai amfani: madaukin for na farko, wato umarnin da ke maimaita aiki a kan fayil bayan fayil, ya watse a kan fayilolin da sunansu ke da tazara, sai da aka sa "$f", mai wakiltar sunan fayil, cikin alamar zance sannan ya tafi daidai. Kowa ya ga kuskuren da idonsa, wanda ya fi a gaya masa sau goma. Kafin a tashi mun tsayar da ƙa'idojin aiki. Ba a taɓa fayil sai an fara fitar da laƙubansa da --export-tags-to an ajiye a gefe, ta yadda --import-tags-from zai iya mayar da su. Bayani mai layi da yawa, kamar rubutaccen baiti, ba ya komawa ta wannan hanyar, sai da --set-tag-from-file. Ana rubuta DATE da shekara, wata, rana. Ana sa --preserve-modtime don kada ranar fayil ta canza. Kuma ba a liƙa laƙabin ID3 a kan FLAC, na MP3 ne, ko da wata manhaja ta yarda ta yi.

Ina miƙa godiya ga mai koyarwa, wanda bai karɓi ko sisi ba, da waɗanda suka kawo kwamfutocinsu aka yi karo-karo.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba.

Fayilolin ALAC, tsarin matse sauti na kamfanin Apple, ba a taɓa su ba. Masu cewa "ai umarni ɗaya ne" su sani metaflac ba ya buɗe su, domin suna cikin mazubin MP4 ne, tsarin laƙabinsu daban. Hanyar da muka gwada ita ce manhajar ffmpeg tare da -c copy, wanda ba ya sake matse sauti, amma sabon fayil yake rubutawa a gefen tsohon, kenan ana buƙatar wuri. Ga shi kuma laƙuban da muka ƙirƙira da kanmu, kamar na wanda ya ɗauki sautin, suna zubewa a hanya idan ba a ƙara -movflags use_metadata_tags ba. Faifan ajiyarmu ya kusa cika, na biyun da aka amince a saya tun bara ba a saya ba. Ba zan sa hannu a yi wannan aikin a kan kwafi ɗaya tilo ba, bayan abin da muka gani a farkon shekara. Duk wanda yake ganin tsoro ne, ya zo ya karɓi makullin.

Na WavPack, wani tsarin matse sauti na daban, suna amfani da laƙabin APEv2, kuma akwai manhajar wvtag da ke gyara su. Wanda ya ɗauki alkawarin koyon sa ya daina amsa saƙo tun tsakiyar shekara. Na WAV kuwa shawararmu ita ce a mayar da su FLAC tare da --keep-foreign-metadata don kada bayanan da ke cikinsu su salwanta, amma wannan ma faifai yake jira.

Hotunan bango an sa wa wasu kundaye, an tsaya. Dalili shi ne filin PADDING da manhajar flac ke bari a bisa al'ada bayit 8192 ne, wanda ya ishi laƙabi amma bai ishi hoto ba. Idan abin da aka ƙara ya fi filin, dole a sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya, kuma a kan tsohon faifanmu wannan yana cin lokaci ba kaɗan ba. Wani kuma ya turo hotunan da ya ɗauka da sikana masu nauyin da ya wuce iyaka. Sashe ɗaya na bayani a FLAC ba ya wuce kimanin megabayit 16, domin da bit 24 ake rubuta tsawonsa. Na roƙi a rage su a sake turowa, har yau ina jira.

Daidaita ƙarar sauti da --add-replay-gain ma ya tsaya rabi. Umarnin yana ɗaukar duk fayilolin da aka ba shi a matsayin kundi ɗaya, kuma yana so saurin samfurinsu ya zama iri ɗaya. Kundayenmu da yawa sun cakuɗa masu 44,100 da masu 48,000, sai an rarrabe su tukuna. Ba aiki ne mai wuya ba, hannu yake so.

Akwai kuma abin da ni kaina na yi sakaci a kai. Jerin lambobin tantancewa da muka yi da sha256sum na fayil ne sukutum, don haka duk fayil ɗin da aka gyara wa laƙabi lambarsa ta canza, ko da yake sautin yana nan yadda yake. Ban sabunta jerin a kan kari ba, shi ya sa wasunku suka ga gargaɗi suka firgita. Na sabunta na kundayen da aka kammala. Littafin jagora da na yi alkawari kuwa yana nan rabi, kuma ba zan ƙara sa masa rana ba.

Ga masu tambaya ko mun yi zaɓin da ya dace da muka tsaya a kan FLAC: tsarin ya fito tun 2001 daga hannun Josh Coalson, ya koma ƙarƙashin gidauniyar Xiph.Org a 2003, kuma a Disamba 2024 aka wallafa cikakken bayaninsa a matsayin takardar ƙa'ida mai suna RFC 9639. Sigar manhajar flac ta 1.5.0 da ta fito a Fabrairu 2025 tana iya raba aikin matsi a kan ƙwaƙwalen kwamfuta da yawa, abin da zai taimaka ranar da za mu juya fayilolin WAV. Ban ga dalilin sake buɗe wannan muhawarar ba.

Sai maganar kuɗin ƙungiya, wadda na gaji da ita fiye da yadda kuka gaji da jin ta. Waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabinmu ba. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a taro, amma a taƙaice abin da ya shigo ya tafi ne a kan hayar ɗakin horo da kuɗin intanet, bai kai na faifai ba. Na tura tunatarwa a rukuni, na tura ɗaya-ɗaya, na kira waya har wasu suka daina ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutanen da ba su biya ba kuma ba su gyara fayil ko ɗaya ba, su ne kan gaba wajen neman a turo musu kwafin kundin da aka gyara, har da ƙorafin an rubuta sunan wani ba daidai ba. Idan kun ga kuskure, umarnin gyaransa yana sama, layi ɗaya ne. Wanda yake cikin matsi ya faɗa wa ma'aji a asirce, babu mai tozarta shi, mun sha yafewa. Shirun ne ba mu san yadda za mu yi da shi ba.

Zan gabatar wa babban taro buƙatu uku. A sa ranar ƙarshe ta biyan bashin bara da na bana, kuma kuɗin farko da ya shigo a sayi faifai na biyu da shi kafin komai. A samu mutum biyu da za su karɓi ALAC da WavPack, su faɗa da bakinsu a gaban jama'a, a rubuta. A kuma naɗa mataimakin sakatare da zai riƙa bin kuɗi, domin ni daga wannan shekarar zan tsaya a kan rajista da littafin jagora kawai.

Wanda yake da gyara a kan wannan rahoton ya turo mini kafin ranar taro.

Wassalam,
Sakatare