Tsadar tsofaffin motocin tsere, wa ta amfana?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ba ni dama in tofa albarkacin bakina kan yadda farashin tsofaffin motocin tsere yake ta hauhawa. A 2018 an yi gwanjon wata Ferrari 250 GTO ƙirar 1962 kan dala miliyan 48 da ɗoriya, a 2022 kuma Mercedes 300 SLR ta tashi kan yuro miliyan 135. Sai ka ji ana cewa masu irin motocin nan kakarsu ta yanke saƙa.

Ni dai ban gamsu ba. Wanda ba shi da niyyar sayarwa, me tsadar ta tsinana masa? Kuɗin inshora ya ƙaru, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi, motar da a da yake fita da ita ranar hutu ya taka son ransa yana jin kukan inji, yanzu tsoro yake kar wani ya goge masa fenti ko tafiya ta yi yawa darajarta ta faɗi. Sai ya lulluɓe ta da tampol a gareji, batir ya mutu, robobi su bushe, mai ya fara ɗiga a ƙasa. Dillalai da magada dai su kam baki har kunne.

Naka mai karatu a kullum.