Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kuɗi na gwamnatin Wales kan harajin gida na biyu

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa. Mun rubuto ne kan ƙarin harajin da ƙananan hukumomi ke ɗora wa gida na biyu, wato gidan da ba shi ne mazaunin mai shi na dindindin ba, musamman ƙa'idar kwana 182 ta gidajen saukar baƙi da ta fara aiki a watan Afrilun 2023.

Da aka kawo tsarin nan, cewa aka yi don ɗan gari ya iya sayen gida a garinsu. Babu mai jayayya da wannan buri. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Attajirin da ke da gida a bakin teku, yana zuwa sau uku a shekara, ƙarin harajin ko a jikinsa. Wanda ya shiga uku shi ne ɗan garin da ya gyara tsohon gidan gado yana saukar baƙi don ya ci abinci.

Ga lissafin, ko da yake kun fi mu saninsa. A da, gidan saukar baƙi yana shiga sahun harajin kasuwanci idan an buɗe shi kwana 140 a shekara, baƙi suka kwana 70 a ciki. Har yanzu haka ake yi a Ingila. Ku kuma kuka mai da shi kwana 252 a buɗe, kwana 182 da baƙo a ciki. Daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba kwana 183 ne cif. Ke nan mai gida sai ya cika kusan kowane dare na lokacin da baƙi ke zuwa, ba rami tsakanin mai fita ran Juma'a da mai shiga ran Litinin, ba wanda ya fasa zuwa, ba bututun da ya fashe aka rufe gida mako guda. In ya gaza, sai ya nemo cikon a Nuwamba da Janairu, cikin sanyi da ruwan sama. Mai girma Minista, a wane ƙauye ne can cikin tsaunuka baƙi ke yin layi a watan Janairu? A nuna mana, mu ma mu koma can.

Wanda ya tsaya a kwana 170 fa? Sai a cire shi daga sahun 'yan kasuwa, ya rasa rangwamen ƙananan sana'o'i, a mai da gidan "gida na biyu". A ce harajin gidan fam 2,000 ne a shekara. Da ƙarin kashi 150 cikin ɗari irin wanda ƙaramar hukumar Gwynedd ta sanya a 2023, ya zama fam 5,000. Da kashi 300 da doka ta ba da dama, fam 8,000. Sau da yawa kuma takardar harajin ba ta zuwa sai bayan an yi bincike, ta iso da bashin watannin baya a haɗe. Don gudun haka masu gidaje ke karya farashi su cike kwanaki, suna aikin asara don kawai lamba ta cika.

Mun san an keɓe gidajen da izinin gininsu ya hana a zauna cikinsu dindindin daga ƙarin harajin. Madalla. Sai dai tsofaffin gidaje da dama ba su da wannan sharaɗi a takarda, an yi musu kuɗin goro da gidajen hutun masu kuɗi.

Don Allah a rage wannan adadi na kwana 182, ko a bar shi ya bambanta tsakanin bakin teku da cikin ƙasa, tunda kasuwarsu ba ɗaya ba ce. Ƙaramar hukumar Pembrokeshire ta kai ƙarinta kashi 200 a 2024, shekara na zagayowa ta sauko 150. Ja da baya ba abin kunya ba ne.

Sai batun kuɗin da ake tarawa. Shawara kawai kuka ba ƙananan hukumomi su kashe shi kan gidaje masu sauƙin kuɗi, ba ku wajabta ba. A tilasta musu su wallafa abin da ya shigo da adadin gidajen da aka gina da shi kowace shekara.

Muna sauraron amsarku.

Naku,
Wasu masu gidajen saukar baƙi da akantocinsu