Maganin sikila na Amurka ya fi ƙarfinmu, amma binciken Kano fa?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki. Ni uwa ce, ɗana na biyu mai shekara 9 sikila ne, shi ya sa duk labarin da ya shafi ciwon nan ba ya wuce ni.

Tun ƙarshen 2023 da Ingila da Amurka suka amince da maganin nan Casgevy 'yan uwa ke ta turo min a WhatsApp wai an samo maganin sikila, kuma gaskiya ne ba ƙarya ba. Yadda na fahimta, ana ɗibar ƙwayoyin da ke ƙera jini daga jikin mara lafiyan a kai su lab, a yi amfani da wata dabara da ake kira CRISPR a taɓa wani ƙwayar gado mai suna BCL11A, sai jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke yi tun yana ciki, wanda shi ba ya lanƙwashewa kamar lauje ya toshe jijiya. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi shekara guda cur ciwon bai tashi musu da tsanani ba. Wallahi ranar da na karanta sai da na yi hawaye, don ni na san mene ne tashin ciwon, na san ƙarfe biyun dare kina dumama tawul a ruwan zafi kina ɗora masa a gwiwa yana cewa Mama ƙashina, ke kuma ba abin da za ki iya.

To amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne mutum ɗaya, kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an yi wa mutum kemo mai ƙarfi, irin maganin da ake ba masu ciwon daji, an share ɓargonsa, ya kwanta asibiti makonni, kuma kemon na iya hana shi haihuwa nan gaba. A Najeriya da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, mutum nawa ne za su je can?

Abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto muku shi ne akwai wani binciken da aka yi a nan gida, a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala tare da likitocin jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ni dai ban ga an yi ta yaɗa shi kamar wancan ba. Mutane da yawa ba su san sikila na taɓa ƙwaƙwalwa ba. Kusan yaro ɗaya cikin goma shanyewar ɓarin jiki na kama shi kafin ya kai shekara 20 in ba a yi rigakafi ba. 'Yar maƙwabciyata shekararta 6, tana shan koko da safe kofin ya suɓuce daga hannunta bakinta ya karkace, aka ce shafar iska ce, aka yi kwana uku ana hayaƙi ana tofi kafin a kai ta asibiti, yau ga ta nan tana jan ƙafa, hannun dama ba ya riƙe fensir.

Alhali akwai gwajin da ake kira TCD, ɗan abu ne ake ɗorawa a gefen kan yaro kusa da kunne ya auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura ba zafi, ɗana ma da aka yi masa yana kwance yana kallon silin har aka gama. In gudun ya yi yawa an san yaron na cikin haɗari. A ƙasashen Turawa ƙarin jini suke yi wa irin waɗannan yaran duk wata, mu kuwa ina jinin ina kuɗin? Sai binciken Kano da ya fito a 2022 ya nuna ƙwayar hydroxyurea, ko da ƙaramin awo ne kullum, tana rage haɗarin sosai. Wannan abu ne da hannunmu zai iya kaiwa.

Na ji daɗin dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024, don AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, kowane ciki fa, ba wai in kin haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Sai dai a sa ido kan wuraren gwajin, ni kaina wani lab ya ba ni AA kafin aurena, sai da yaron ya fara kumburin hannu yana wata 8 aka sake min aka ga AS ce.

Dan Allah Malam Edita ku tura wakilinku ya bi asibitoci ya buga mana jerin inda ake yin TCD da ranakun, ya kuma tambayi gwamnonin Arewa yaushe hydroxyurea za ta zama kyauta ga yara, don watan jiya sai da na zaga kemis huɗu kafin na samu na sati biyu.

Taku,
Wata uwa daga Kano