Ba A Taron Nikiya Aka Zaɓi Littattafan Linjila Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan wata magana da ta fito a filinku na tarihin addinai na makon jiya. Baƙon da kuka gayyato ya ce wai a taron Nikiya na shekarar 325 aka zube wa Sarki Kustantin na Daular Rum Linjiloli barkatai, ya tsinci huɗu, ya sa aka cinna wa sauran wuta, har da Linjilar Barnaba. Mai gabatarwa bai ce uffan ba. Ni Musulmi ne, malamin tarihi a makarantar sakandare, kuma wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ina jin ta a wa'azin kasuwa, ina ganin ta a WhatsApp, har ɗalibaina suna kawo mini ita a aji kamar yankan wuƙa. To, ba haka aka yi ba.

An yi taron kam, a garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, kuma bishop-bishop kusan 300 suka halarta. Abin da ya tara su rigimar Ariyus ce, wani limamin coci na Iskandariyya, kan matsayin Annabi Isa (AS) a aƙidarsu. Sun kuma tattauna ranar bikin Ista, suka kafa dokoki 20 na tafiyar da coci. Dokokin nan suna nan har gobe, kowa na iya karantawa, kuma babu ko ɗaya da ta taɓo jerin littattafai. An yi ƙone-ƙone bayan taron, amma rubuce-rubucen Ariyus ne sarkin ya ba da umarnin a ƙona. Tatsuniyar zaɓen littattafai kuwa, an same ta ne a wani rubutun Girkanci na ƙarni na 9, sama da shekara 500 bayan taron, inda aka ce an tara littattafan a wurin bagade aka yi addu'a, na gaskiya suka tsaya sama, na jabu suka zube ƙasa. Voltaire na Faransa ya yayata ta a ƙarni na 18, daga nan ta shiga duniya.

Ainihin yadda abin ya kasance ya fi haka tsawo, ya kuma fi ban sha'awa. Tun wajen shekarar 144 wani mai suna Markiyon ya fito da nasa jerin littattafan a Roma: ya yar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, ya riƙe Linjilar Luka da ya yi wa kwaskwarima da wasiƙun Bulus 10. Aka kore shi daga coci. Wajen 180 Iraniyus, bishop na Liyon, ya rubuta ƙarara cewa bisharori, wato Linjiloli, huɗu ne, Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Wato kusan shekara 145 kafin Nikiya ke nan, ba a ma haifi Kustantin ba.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne kan wasu ƙananan littattafai. Yusibiyus na Kaisariya, wanda shi kansa ya zauna a taron Nikiya, ya kasa su kashi-kashi: waɗanda kowa ya amince da su, waɗanda ake saɓani a kansu kamar wasiƙar Yaƙub, ta Yahuza da ta Bitrus ta biyu, sai waɗanda bai yarda da su ba. Jerin farko da ya zo daidai da littattafai 27 na Sabon Alkawari na yau yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus na Iskandariyya ya aika a 367. Tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397, a ƙasashen da yau suke Aljeriya da Tunisiya, suka bi sahu. Ka ga a nahiyarmu aka yi yawancin aikin. Ko a hakan ma kan bai haɗu ba: tsohuwar fassarar Sabon Alkawari ta Suryaniyanci littattafai 22 ta ƙunsa, kuma har yau, idan aka haɗa Tsoho da Sabon Alkawari, Littafi Mai Tsarki na Furotesta littattafai 66 ne, na Katolika 73, na cocin Habasha 81.

Akwai wani kundi na Littafi Mai Tsarki mai suna Codex Sinaiticus da nake son masu sauraro su nemi hotonsa a intanet, wanda aka samo a gidan ibada na Dutsen Sina'i. An rubuta shi a kan fata a tsakiyar ƙarni na 4, layi huɗu-huɗu a tsaye a yawancin shafukan, da manyan baƙaƙen Girkanci manne da juna ba rata tsakanin kalmomi, ga gyare-gyaren magatakarda birjik a gefe. Bayan littafin Wahayi, na ƙarshe a Sabon Alkawari, sai ga Wasiƙar Barnaba da wani littafi mai suna Makiyayi na Harmas a ciki. An kwafe shi bayan Nikiya. Da a ce sarki ya riga ya rufe ƙofa da wuta, wa zai ɓata fatun dabbobi masu tsada haka yana kwafar haramtattun littattafai?

Wannan wasiƙa daban take da Linjilar Barnaba da ake sayarwa a ƙofar masallatan Juma'a tare da asuwaki da turare. Ita wannan Linjilar, mafi tsufan kwafinta na Italiyanci ne, na ƙarshen ƙarni na 16, yana ajiye a Biyana ta Ostiriya. An fassara ta zuwa Ingilishi a 1907, zuwa Larabci a 1908. Gaskiya ne wani jeri na ƙarni na 6 ya ambaci wata bishara da sunan Barnaba, amma babu abin da ya haɗa ta da wannan sai suna. A cikin wadda ake sayarwa yau an ce Annabi Isa ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, alhali garin a kan tudu yake, nesa da ruwa. An ce Bilatus ne gwamna lokacin haihuwarsa, alhali sai a shekarar 26 ya kama mulki. Abin da ya fi damuna a matsayina na Musulmi shi ne, littafin ya sa Annabi Isa yana cewa shi ba Almasihu ba ne, ya ce sammai tara ne, ya ce Nana Maryam ta haihu ba naƙuda mai zafi. Duka ukun sun ci karo da Alƙur'ani. Yaya za mu kafa hujja da abin da ke ƙaryata Littafinmu?

Ba cewa nake babu tambayoyi na gaske a wannan fage ba. Akwai su, kuma malaman Kirista da kansu suna koyar da su a makarantunsu. Marubutan bisharorin huɗu ba su faɗi sunayensu a cikin nassin ba. Yawancin masana na ganin Markus ce ta fari, wajen shekarar 70, Yohanna kuma ta ƙarshe, wajen 90 zuwa 100. Cikin wasiƙu 13 masu ɗauke da sunan Bulus, bakwai ne kusan kowa ya yarda nasa ne. Wasiƙar Ibraniyawa kuwa, tun ƙarni na 3 wani malamin Kirista mai suna Orijin ya ce Allah ne ya san wanda ya rubuta ta. Wanda ke son muhawara ta ilimi ga fili nan ƙato, ba sai ya ƙago wuta a Nikiya ba.

Mu da muka gaji ilimin isnadi, waɗanda malamanmu suka yi ta tafiya ƙasa-ƙasa don tantance ruwaya guda, bai dace mu zama masu sakaci da tarihin maƙwabtanmu ba. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa, kuma ba ta ware labarin Kirista ba. Hausawa Kiristoci ma suna sauraron tasharku, kuma idan suka ji an faɗi abin da suka san ba shi da tushe, sauran maganarmu ma ba za su saurara ba.

Roƙona shi ne ku karanta wannan gyara a filin da aka yi maganar. Sannan in hali ya yi, ku gayyato malamin tarihin coci da malamin Musulunci da ya karanci fannin su zauna tare, mai gabatarwa kuma ya riƙa tambayar kowannensu inda ya samo maganarsa.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
Wani malamin tarihi daga Zariya