Ba Kowane Ƙarfe Mayen Ƙarfe Ke Kamawa Ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don in yi magana a kan wata jimla guda da na gani a littafin rubutun jikata, wadda ke aji biyar na firamare. An rubuta musu cewa, "Maganaɗisu abu ne da ke jan ƙarfe." Daga nan aka ja layi, aka shiga wani darasi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina gyaran lasifika da ƙananan injinan lantarki, da wuya rana ta fito ta faɗi ban riƙe maganaɗisu a hannuna ba, shi ya sa jimlar ta tsaya mini a rai. Ba ƙarya aka rubuta ba, amma rabin magana ce, kuma rabin da aka bari shi ne zai fi buɗe wa yaro kai.

Daga kalmar ƙarfe matsalar ta taso. A bakinmu ƙusa ƙarfe ce, wayar tagulla ƙarfe ce, alminiyam ƙarfe ne, dalma ma haka. Sunan da muka raɗa masa ma, mayen ƙarfe, yana sa mutum ya ɗauka duk abin da ya amsa sunan ƙarfe sai ya cafke shi. Ranar da na ga littafin na zaunar da yarinyar gaban teburin aikina, na ciro zoben maganaɗisu daga bayan wata matacciyar lasifika, na zube mata tarkace: ƙusa, noti, guntun wayar tagulla, murfin alminiyam, ɗan curin dalmar da nake liƙi da ita, da cokali biyu. Na ce ta ware waɗanda take zaton zai kama. Ta tattara su kaf ta tura gefe guda. Da na kawo zoben kusa, ƙusa da noti suka yi tsalle suka manne. Tagulla ko gezau, alminiyam da dalma ma haka. Cokali ɗaya ya manne, ɗayan ya ƙi, alhali a ido ba ka bambance su. Ta ɗago kai ta ce, "Kaka, to wannan ba ƙarfe ba ne?" Wannan tambayar ce darasin ya kamata ya haifar a cikin aji.

A cikin ƙarafan da muke ma'amala da su, uku ne maganaɗisu ke kamawa da ƙarfi: baƙin ƙarfe, nikel da kobalt, sai kuma wasu gauraye da aka yi da su. Dalilin yana cikin jikinsu. Ƙwayoyin zarrar baƙin ƙarfe kowace ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, kuma sukan haɗa kai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fuskanci gefensa. A ƙusar da ke kwance haka kawai, wannan rukuni ya dubi gabas, wancan ya dubi yamma, sai ƙarfinsu ya cinye juna. Da maganaɗisu ya matso, sai su yi sahu su fuskanci waje guda, ƙusar kanta ta zama maganaɗisu na ɗan lokaci. Abin da ya sa ke nan ƙusa ta farko ke ɗaukar ta biyu, ta biyu ta ɗauki ta uku. Tagulla da zinare da azurfa ba su da wannan haɗin kai.

Cokalin nan da ya ƙi mannewa shi ya fi ba ni sha'awa. Irin ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda akan haɗa da kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Mafi yawansa baƙin ƙarfe ne, wanda maganaɗisu ke kamawa, an kuma ƙara masa nikel, wanda shi ma yana kamuwa, amma haɗuwarsu ta sauya yadda ƙwayoyin ke jeruwa har jan ya kusan ɓacewa. Ashe ba abin da aka zuba kaɗai ba ne, har da yadda ya zauna a ciki.

Zafi ma yana warware sahun nan. Na rataye ƙusa da siririyar waya ta manne da maganaɗisu, na sa mata wutar gas har ta yi jawur, sai ta saki ta koma tana lilo. Da ta huce ta dawo ta manne. Baƙin ƙarfe yana rasa wannan hali idan zafinsa ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, nikel kuwa tun wajen digiri 358. Pierre Curie na Faransa ne ya yi binciken wannan a 1895, kuma da sunansa ake kiran wannan iyakar har yau.

Idan kuwa maganaɗisu biyu suka haɗu, labarin daban ne. Kowane yana da baki biyu, na arewa da na kudu. Baki iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Na ba yarinyar zobe biyu na ce ta haɗa su ta fuskar da suke ƙi. Ta matsa iya ƙarfinta, suna zamewa gefe kamar akwai ƙwallon roba a tsakaninsu, ba ta ganin komai amma tana jin sa a tafin hannunta. Duk mai gyaran lasifika ya san kuma cewa idan zoben ya faɗi ya rabe biyu, gutsattsarin ba sa yarda su koma mazauninsu, sai ɗaya ya kife sannan su manne. Ko sau nawa ka karya maganaɗisu ba za ka sami mai baki ɗaya ba, kowane guntu sai ya fito da arewarsa da kudunsa. Wani Bafaranshe, Petrus Peregrinus, ya rubuta wannan tun 1269. A 1600 kuma William Gilbert, likita a Ingila, ya nuna cewa duniya kanta ƙaton maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke juyawa arewa.

Yanzu in dawo kan tagulla, don kada a ce na zalunce ta. Ina da guntun bututun tagulla mai kauri, tsawonsa kamar kamu ɗaya. Idan na saki noti a cikinsa, kafin ƙiftawar ido ya faɗo. Idan na saki ɗan maganaɗisu mai ƙarfi, irin na niyodimiyam, sai ya riƙa sauka sannu a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa mai kauri, ba tare da ya manne a jikin bututun ba. Na leƙa ta sama sau ba adadi, har yau abin bai daina burge ni ba. Motsin maganaɗisun ne ke tayar da lantarki a jikin tagullar, lantarkin kuma ya haifar da nasa ƙarfin maganaɗisu da ke adawa da faɗuwar. Michael Faraday ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki a 1831, Heinrich Lenz kuma ya bayyana wannan adawar a 1834. Duk janaretan da ke ba da wuta a kan wannan yake aiki, waya ta tagulla da maganaɗisu mai juyawa. Yaron da aka ce wa maganaɗisu jan ƙarfe kawai yake yi, ta ina zai fahimci haka? Ruwa ma maganaɗisu yana ɗan ture shi, kaɗan ƙwarai. A 1997 masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan sun ɗaga kwaɗo mai rai ya tsaya a iska cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 16 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), saboda ruwan jikinsa.

Rabin maganar nan tana cutar da manya ma. Na sha ganin mai gwada sarƙa da maganaɗisu, idan ba ta manne ba ya ce zinare ne. Gwajin yana iya tona asirin baƙin ƙarfen da aka shafa wa ruwan zinare, amma tagullar da aka shafa wa ruwan zinare ita ma ba za ta manne ba. Haka masu sayar da awarwaron maganaɗisu da ke cewa yana jan ƙarfen da ke cikin jini. Ƙarfen jini a ɗaure yake cikin sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi, ba ya yin sahu irin na ƙusa. Da yana yi, da ba wanda zai shiga na'urar hoton MRI ta asibiti, mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, ya fito lafiya.

Roƙona ga malamai da masu rubuta littattafan firamare shi ne su gyara jimlar: maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe da nikel da kobalt, ba ya kama tagulla da alminiyam da zinare. Sannan su sa kayan a hannun yara su gwada da kansu, tsohuwar lasifika ɗaya ta ishi aji guda. Sai dai a kula da ƙananan nan masu ƙyalli na niyodimiyam. Idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya jan juna ta cikin hanji su matse shi har ya huje, kuma wannan sai an kai shi asibiti cikin gaggawa. Ni dai ƙaton zoben lasifikar na bar wa jikata ta tafi da shi makaranta, ƙananan kuwa suna cikin akwatina a kulle.

Naku,
Wani mai gyaran lasifika