Ba Kowace Mutuwar Mota Ce Laifin Famfon Mai Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Amsar da baƙonku ya ba direban nan mai Golf a shirin ranar Asabar ce ta hana ni yin shiru. Bawan Allah ya ce motarsa tana cikin tafiya ta mutu, ya yi ta kik ta ƙi tashi, sai kawai aka ce masa ya je ya canza famfon mai. Ba a tambaye shi yadda ta mutu ba. Ba a tambaye shi ko kik na juya injin ba. Ko Golf 2 ce ko Golf 3 ma ba wanda ya damu ya ji. Haba Malam! Wannan ai canki-canka ne, ba kanikanci ba. Kuma ba shi kaɗai ya ji ba, duk mai tsohuwar mota da ya kunna rediyo ranar ya tafi da cewa da mota ta mutu a hanya sai a sauke tanki.

Mu da muke wuni a gareji, tambayar farko ita ce yaya ta mutu. Motar da ta ɗauke lokaci guda kamar an murɗe makulli, wuta ce ta yanke ko taimin bel ya tsinke. Wadda ta fara shaƙewa tana fizga, kana taka totur tana ƙin amsawa kafin ta mutu, ita ce ake zargin mai. Wadda fitilunta suka yi ta dushewa, alamar batir ta kama a dashbod tun da nisa, altaneta ce ta daina caji ko fambel ya yanke, motar ta cinye batirinta. Idan kuwa allurar zafi ta haye sama kafin ta tsaya, maganar ta fi ƙarfin famfo. Direba ya san duk wannan, tambayarsa kawai za a yi.

Sai a saurari kik. Idan ƙas-ƙas kawai yake yi, ko yana jan injin da kyar, a duba kan batir ko ya kwance ko ya yi gishiri, a sa mita. Lafiyayyen batir a zaune bolt 12.6 yake nunawa, wanda ya faɗo ƙasa da 12 ya sauka. In an tashe ta da wani batir, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, in ba haka ba babu caji, kuma za ta sake mutuwa a gaba kaɗan. Idan batir na da ƙarfi amma kik ya buga sau ɗaya ya tsaya cak, a zaro sandar baƙin mai a duba, a sa sifana a notin fulin kiranshaf a gwada juyawa da hannu. In ya ƙi motsi, injin ya kama. Sauti na uku shi ne mafi haɗari: kik ya riƙa gudu fiye da yadda ya saba, sakayau, ba nauyi. A daina kik nan take. A buɗe murfin zuba baƙin mai, wani ya ɗan taɓa makulli, a ga ko kamshaf na juyawa, ko a cire murfin distiributa a kalli rota. In ba ya motsi, taimin bel ya tsinke ko haƙoransa sun zube. A Honda Accord ta shekarun 1990 da Peugeot 406 fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, kowane ƙarin kik ƙarin ɓarna ne. Corolla mai injin 4A-FE ce kan tsira da sabon bel kawai. To a nan me famfon mai ya yi?

In kik na juya injin daidai, wuta ake fara gwadawa, don minti biyu ne kuma ko sisi ba a kashewa. A zare wayar fulogi ɗaya, a sa mata wani fulogi, a jingina shi da ƙarfen injin, a yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake so. Ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya, sai a koma babbar wayar da ta fito daga kwayil, wato abin da ke ƙarfafa wutar da ke zuwa fulogi. In akwai wuta a nan amma ba ta kai fulogi, rota ta ƙone ko murfin distiributa ya tsage. In babu, sai kwayil, ko abin da ke ba kwayil umarni. A 504 da sauran masu kafireta na da, kontak ne da kondansa: a goge bakin kontak, a saita tazararsa 0.4 na milimita, sau da yawa shi ke nan. A Golf 3 jikin kwayil kan tsattsage ya riƙa zubar da wuta, ko sensar cikin distiributa ta mutu. A Honda igineta ce da ke cikin distiributa. A 406 sensar kiranshaf.

Ga abin da ya fi ba ni haushi, don duk wanda ya isa a kira shi gidan rediyo ya kamata ya san shi. A motar injekta, in birenbos, wato kwamfutar motar, bai samu labarin cewa injin na juyawa ba, da gangan yake hana famfo aiki. An yi haka ne don kada mai ya ci gaba da kwarara bayan haɗari. Ke nan sensa guda ta mutu, wuta ta ɗauke, mai ma ya ɗauke. Sai yaron gareji ya zare tiyo, ya ga mai ba ya zuwa, ya ce oga famfo ne. A sauke tanki, a sa sabon famfo, mota ta ƙi tashi. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali da an kalli allurar gudun injin lokacin kik, a yawancin motocin nan za a ga tana ɗan rawa in sensa na da rai, in ta kwanta shiru kuwa an samu inda za a fara.

Akwai kuma wadda ke mutuwa bayan tafiyar minti ashirin ko talatin, a bar ta ta huce rabin awa ta tashi kamar ba ita ba. Wannan ita ta fi cinye kuɗin mutane. Aka sa sabon famfo, kafin a gama aikin injin ya huce, ta tashi, kowa ya ce an dace, gobe ta sake mutuwa a daidai inda ta saba. Igineta, kwayil da sensar kiranshaf duk haka suke yi in sun tsufa, zafi ya kashe su sanyi ya farfaɗo da su. Dole a gwada wuta a lokacin da motar take a mace, da zafinta. In aka jira ta huce ba abin da za a gani.

Yanzu mu zo kan man da baƙonku ya fara da shi. A murɗa makulli ba tare da kik ba, a kasa kunne wajen tanki. Honda za ta yi ƙugi na kamar daƙiƙa biyu. In shiru, kafin a taɓa tanki akwai fiyus, akwai rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta. Rilen famfon Golf 3 yawanci an buga masa lamba 167, yana cikin akwatin fiyus ta gefen direba. Babban rilen Honda na ƙarƙashin dashbod ya yi ƙaurin suna: dalmar cikinsa ke tsagewa, in cikin mota ya ɗau zafin rana sai ya saki, kuma mai gyaran rediyo zai sake narka masa dalma cikin minti goma. Tsofaffin Toyota kuwa, irin su Carina E da Corolla, ba sa kunna famfo da buɗe makulli sai ana kik, don haka shirunsu ba shaida ba ne. A ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet ake haɗa ramukan da aka yi wa alamar FP da +B da guntun waya, famfo ya tashi in yana da rai. A wannan akwatin dai in aka haɗa TE1 da E1, fitilar injin za ta ƙifta lambar matsalar: 12 babu labarin juyawar injin, 14 ɓangaren igineta. Motocin da ke karɓar kwamfuta kuma P0335 ce lambar sensar kiranshaf. Hukunci na ƙarshe shi ne a kai fitilar gwaji kan soket ɗin famfo ana kik. Wuta ta iso, wayar at (wadda ke mayar da wuta jikin mota) na da kyau, famfo bai motsa ba, to yanzu ne aka kama shi da laifi.

Ko famfo na ƙugi ma ba a gama ba. Filtar mai kan toshe. Hular tanki in ta daina shaƙar iska, za ka ji ta yi huci da ka buɗe, motar kuma ta tashi. Man bumburutu kan zo da ruwa: a tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye, ruwan zai kwanta a ƙasa ƙiri-ƙiri. Gejin mai na tsohuwar mota kan yi ƙarya, tanki ya bushe allura na kan kwata. Ita 504 famfonta ba na lantarki ba ne, injin ke tura shi, ba wani ƙugi da za a ji. Tiyo ake cirewa a sa a kwalba a yi kik, sannan a sansana sandar baƙin mai, in tana warin fetur fatar famfon ta yage. A zafin Maris da Afrilu kuma fetur kan tafasa a cikin bututu kusa da injin mai kafireta, jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo ya isa a gane haka. Don Allah ku gaya wa mutane su daina tsiyaya fetur a bakin kafireta ana kik, in ta yi atishawa fuskar mutum wutar ke kamawa.

Shi ya sa na ce rashin tambayar irin Golf ɗin ma laifi ne. Mai injekta huɗu na son ƙarfin mai wajen ba 3 ("ba" shi ne ma'aunin ƙarfin turin mai), Golf 3 mai injekta ɗaya wajen ba 1 take aiki, mai kafireta ko rabin ba ba ta kaiwa. Ka aika mutum kasuwa ya sayo "famfo" haka kawai, a ɗaura wa mai kafireta na injekta, mai ya yi ta ambaliya, an yi gyaran gangar Auzinawa.

Ban ce famfo ba ya mutuwa ba. Yana mutuwa, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane suka koma yawo da lita uku-huɗu a tanki. Fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi, kuma a ƙasan tanki datti yake taruwa. Amma a gwada a tabbatar tukuna. Ko makullin kansa kan jawo mutuwar mota, in cikinsa ya cinye saboda tarin makullai da ake rataya masa: fitilun dashbod su ɗauke tare da injin, ka ɗan girgiza makulli su dawo.

Wani abu kuma tunda na riga na ɗauki biro. Shirin minti talatin ne, amma gaishe-gaishe da tallan maganin basir sun cinye kusan rabi, mai kira na tsakiyar bayani a katse shi. Kuma kun mayar da shi dab da magariba, lokacin da muke haɗa kayan aiki muna neman alwala. Ku maido shi bayan isha'i yadda yake a da.

Shi kuma mai Golf, lambarsa na wajenku. Ku kira shi kafin ya sauke tanki, ku ce ya fara duba wuta a fulogi da rile mai lamba 167.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani bakanike daga Zariya